Bindiga Mai Baki Ɗaya

A tsaye Delmar Stidham ke karatu. Duk garin Tull Creek an san wannan, kamar yadda aka san ba ya ƙarasa shan kofi a kujerar da ya fara shi. Ko a coci bencin baya yake zama, dab da ƙofa, kafin fasto ya kai rabin wa'azi ya fita sau biyu duba ko ya kashe fitilar mota. Marigayiya matarsa Maxine takan ce ita dai kifi ta aura, wanda ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi.

Shekara talatin ya yi yana gyaran bindiga a wani ɗan shago bayan gidansa, a nan tsaunukanmu na kudancin Missouri, inda yaro ke mallakar bindiga kafin ya mallaki keke. In aiki ya yi sanyi sai ya jawo littattafan nan masu arha na kaboyi da 'yan fashi, ya jingina da teburin aiki yana karantawa yana tsaki. Allah ya yi shi da ƙin ƙarya, musamman wadda aka yi wa ƙarfe. Jarumi zai harba bindiga mai cin harsashi shida har sau tara bai ɗura ba. A harbi mutum, wai ya tashi sama ya fasa taga ya faɗo kan titi. Abin ya ishe shi, ya shiga rubuta wa masu buga littafi wasiƙu masu yaji. Shekara huɗu yana rubutu ba wanda ya tanka, sai ran nan wata edita a New York ta gaji da shi, ta aiko masa da labarin da ba a kai ga bugawa ba, da 'yar takarda a kai: "Tunda ka fi kowa iyawa, ga fili ga mai doki."

Daga nan sana'a ta samu. Da idanunsa suka daina ganin ƙananan sukurori ya rufe shagon, ya riƙe jan fensir. Marubuta da yawa da ba su taɓa ganin fuskarsa ba sun san hannunsa, kuma ba sa ƙaunarsa. Yakan rubuta a gefen shafi: "Wanda aka harba ba ya tashi sama. Zama yake yi, kamar wanda ya gaji." Ko kuma: "Ka kashe mutum uku a ɗakin girkin baiwar Allah, ka hau doki ka tafi. Wa ya wanke daɓen?" Irin wannan ta biyun editoci kan goge kafin marubuci ya gani, su ce ba huruminsa ba ne. Mutane sun ɗauka yaƙin Koriya ne ya koya masa yadda mutum ke faɗuwa. Bai taɓa musa musu ba, alhali duk zamansa na soja a barikin Kansas ya ƙare shi, yana feraye dankali.

Ra'ayinsa a kan littattafan ƙasar nan gajere ne. Ya ce marubucinmu in bai kwantar da gawa ba gani yake bai fara labari ba, mu kuma masu karatu in an kai shafi na talatin ba a ji ƙarar harbi ba sai mu fara hamma. Wannan bai dame shi ba, halinmu ne, da shi muka ci ƙasar. Abin da ke ƙona masa rai shi ne dalili. Kowane mai kisa a littafi yana da dalili ƙato mai cika ido, an kashe masa uba, an ƙone masa gona, an ci mutuncin ƙanwarsa. In ya zo irin wannan wurin sai ya ajiye takardun, ya fita ya zaga gidan sau uku, ya dawo.

A watan Nuwamba na 1999, yana da shekara sittin da takwas, ranar wata Litinin ya shiga gidan waya ɗaukar saƙo. Mai kula da wurin Arlene ce, matar yayansa Lonnie da ya rasu, tsohuwa mai kaifin baki da ta ƙi ajiye aiki.

"Ga alƙalin matattu ya iso," in ji ta. "Ƙanena, mutum nawa aka kashe wannan makon?"

"Goma sha ɗaya, Yaya Arlene. Biyu daga ciki da bindigar da ba a ƙera ba sai bayan shekara ashirin da mutuwarsu."

"Allah sarki. Sun mutu a banza ke nan."

"Ai na tashe su. Na ce a sake kashe su da kyau."

"To zauna ka sha kofi, ka ishe ni da zirga-zirga, duk ka gurje mini daɓe."

"Na bar wake a wuta."

"Shekara talatin da takwas waken nan bai nuna ba?"

Shekarun da ta ambata na zawarcinta ne. A kakar 1961 'yan'uwan biyu suka fita farautar zomo, a hanyar dawowa, wajen tsallake shingen waya da ke bayan rumbun gidan Delmar, bindigarsa ta tashi ta sami Lonnie a ƙirji. Ɗan sandan gunduma abokin farautar mahaifinsu ne, ya dubi waya, ya dubi laka, ya rubuta tsautsayi. Tun daga ranar Delmar ke faskara wa Arlene itacen hunturu, shi ke gyara mata rufi, shi ya miƙa 'ya'yanta mata biyu a coci ranar aurensu. Gari ya shaida ba a taɓa ƙanin miji irinsa ba. Sai dai bai taɓa zama a gidanta ya kai minti biyar ba.

Ta turo masa wani ƙunshi mai kauri. "Wannan ba daga New York ba ne. Dubi hannun. 'Yarka ta gama littafin da take ɓoye mana."

Twila ke nan, tilon 'yarsa, malamar makaranta a St. Louis, mai shekara arba'in da biyar. Ita kaɗai ce mutumin da Delmar ke iya tsayawa cak ya saurara har ta kai aya. A cikin a-kori-kurarsa ya farke ƙunshin. Ta rubuta: "Baba, ka duba mini kamar yadda kake duba wa baƙi. Kada ka raga mini. Ranar Alhamis zan zo bikin Godiya in karɓa." A shafin farko kuma, layi ɗaya tal a tsakiyar farar takarda: "Ga Babana, wanda ƙarya ba ta taɓa wucewa ta gabansa ba."

Ya ji daɗi, daɗin da har ya ba shi kunya. Ya kai takardun tsohon shagonsa, ya baje su a kan tebur, ya feƙe fensir.

Labarin wata yarinya ce a tsaunuka. An sauya sunaye, amma ga gidansa nan, ga Maxine da tsintsiyarta, ga karen nan mai kunne ɗaya. Ga shi kansa, uba mai taushin hannu da ba ya iya zama, wanda 'yarsa ke kallo da tausayi tana cewa tsautsayi ne ya cinye shi da rai. Shafi ɗari ya karanta bai sami abin gyara ba sai nau'in wata wuƙa. Ba a harbi kowa ba, kuma bai yi hamma ba. Sai ya zo shafi na ɗari da sha biyu.

Yarinyar tana da shekara bakwai, tana zaune a baranda tana koyon ɗaurin igiyar takalmi, uwarta ta shiga gari. Uban da baffan sun fita farauta, uban ɗauke da tsohuwar bindigar nan mai baki ɗaya da ke rataye saman ƙofa. Twila ta rubuta cewa a wajen shinge santsi ya kwashe uban, bindigar ta suɓuce ta daki turke ta tashi, ta faɗi ƙasa ta sake tashi. Yarinyar ta ji ƙara ta farko tana kama igiya, ta ji ta biyu daidai lokacin da ta ja ƙulli, ƙullin farko da ta taɓa yi daidai a rayuwarta. Ta miƙe da murna tana jiran Baba ya dawo ta nuna masa.

Delmar ya karanta sau uku. Ya fita ya zaga gidan, ya dawo, rubutun yana nan yadda ya bar shi.

Twila 'yar mai gyaran bindiga ce, amma tun daga waccan ranar ba ta sake taka shagon ba, ba ta sake taɓa bindiga ba. Ba ta san abin da kowane yaro a Tull Creek ya sani ba. Mai baki ɗaya harsashi ɗaya take ci. Kafin ta sake magana sai an karya ta, an zare kwanso, an lalubo wani harsashin a aljihu, an ɗura, an rufe, an ɗana kunama da babban yatsa. Ba turken da ke yin wannan aikin. Ba wanda ya tambayi yarinya 'yar shekara bakwai abin da ta ji, ita kuma ta adana shi tsaf, ba ta san abin da take ɗauke da shi ba.

Ga yadda aka yi. Lonnie ya sami zomo uku, Delmar bai sami ko ɗaya ba, kuma tun daga bakin rafi yayan ke tsokanarsa, irin tsokanar da ya saba tun suna yara. Da ya tsallake shinge sai ya juyo ya ce ai shi ya sa tsoho ya ba ka mai baki ɗaya, asarar harsashi ɗaya ta isa. Delmar ya ɗaga bindiga ya harba sama da kansa, don dai ya rufe masa baki. Ganye ya zubo. Lonnie ya sunkuya, ya ɗago, ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Kai! Ni guda, ƙato, taku biyar, ka kasa samu?" Delmar ya karya bindigar. Ya zare kwanso ya jefa aljihu. Ya lalubo wani. Lonnie yana ta dariya. Daga baya sai ya zauna jikin turke, kamar wanda ya gaji.

Shekara talatin da takwas Delmar yana neman dalilin da zai cika ido, abin da ya samu bai cika cokali ba. Ba gado, ba mace, ba giya. Dariya ce kawai, da hannuwa biyu da suka san aikinsu.

Gyaran shafin ba shi da wuya, ya yi irinsa ya fi ɗari. Ko a soke ƙara ɗaya, ko a mayar da bindigar mai baki biyu. Kalma ɗaya ce, ta ce masa na gode Baba, littafi ya fita da layin nan na shafin farko. In kuma ya bar shi haka bai taɓa ba, duk tsohon da ya karanta a tsaunukan nan zai ajiye littafin ya dubi ɗan'uwansa, kuma wadda za ta fara karantawa Arlene ce, 'yar mafarauci, matar mafarauci. Ya ɗora fensir a kan kalmar, ya ɗage. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ranar Talata ya faskara itacen da ba ya bukata. Lokacin farautar barewa ne, daji ya ɗauki harbi tun asuba, kowace ƙara sai ya tsinci kansa yana jiran ta biyu. Da yamma ya kira ta a waya, yana kai da komo iyakar tsawon igiyar wayar.

"Baba! Ka fara? Gaya mini gaskiya, ya yi muni?"

"Bai yi ba. Kin iya, 'yar nan. Wurin shingen ne kawai. Anya ba ƙara ɗaya kika ji ba? Kin san tsaunin nan da amsa kuwwa."

"Biyu ce, Baba. Amsa kuwwa ba ta jiran mutum ya ɗaure takalmi. Komai na littafin zan iya sauyawa ban da wannan, shi ne abu na farko da nake tunawa a duniya."

"To a mayar da bindigar mai baki biyu. Ya fi daɗin karatu."

Ta yi dariya. "Kai ne kuwa? Kai da ka sa wani bawan Allah ya sake babi guda saboda sukuru ɗaya? Wadda ke saman ƙofa ce, ina ganinka ka fita da ita. In akwai kuskure ka ja masa layi, ka rubuta mini dalili a gefe, kamar kowa." Sai ta sassauta murya. "Na san wurin zai yi maka ciwo. Don kai na rubuta shi, Baba. Ina so ka gani a rubuce cewa ba laifinka ba ne, ko ka samu ka zauna."

Ya ce ya bar wake a wuta, ya ajiye wayar. Tsoro ya kama shi, tsoro tsagwaronsa. Ba kurkuku yake tsoro ba, tsoho ina ruwansa da inda zai yi zirga-zirgarsa. Muryar nan yake tsoron rasawa, yadda take cewa Baba.

Ranar Laraba ya ƙarasa littafin, ya gyara sunan wata tsuntsuwa da shekarar wata mota. Sau biyu ya rubuta "mai baki biyu" a gefen shafi na ɗari da sha biyu, sau biyu ya goge, har takardar ta yi laushi.

Alhamis, ranar bikin Godiya da ke haɗa dangi cin abinci duk shekara, da hantsi Twila ta iso da talo-talo a bayan mota. An yi da Arlene za ta zo da tsakar rana da gasasshen kabewa, kamar kowace shekara. Twila ba ta ko cire rigar sanyi ba ta zauna a teburin girki tana buɗe shafuka, tana dariyar gyare-gyarensa. Shi yana tsaye jikin ƙofa. Ya ga lokacin da ta kai wurin, ta ɗaga takardar tana duban gurbin gogewa.

"Baba, nan ka rubuta wani abu ka goge."

"Na goge."

"Mene ne?"

"Ƙarya ce. Taso mu je, wannan gyaran ba ya shiga gefen shafi."

Ya miƙa hannu ya sauke bindigar daga saman ƙofa. Bai sake harba ta ba tun 1961, amma duk wata sai ya shafa mata mai. Ya ɗauki harsashi biyu, ɗaya ya ɗura, ɗaya ya sa a aljihu. Ta biyo shi ta bayan rumbu tana cewa Baba ka san ba na son abin nan. An sauya wayar shingen sau biyu, turken kuwa yana nan, ya yi baƙi.

"Kwance igiyar takalminki."

"Baba, sanyi fa ake yi."

"Kwance. In kin ji ƙara ki fara ɗaurewa. A hankali, yadda yarinya za ta yi. Amma ki riƙa kallon hannuna."

Ta tsuguna tana murmushin haƙuri da rigimar tsofaffi. Ya juya bakin bindigar ga gangaren ƙasa ya harba. Tsuntsaye suka tashi. Ta kama igiya. Ya karya bindigar. Ya zare kwanso, hayaƙi na fita, ya jefa aljihu. Ta giciye igiya ɗaya kan ɗaya. Ya lalubo harsashi, ya ɗura, ya rufe, ƙarfe ya ce ƙas. Ta yi kunne ɗaya, ta zagayo da ɗayan. Ya ja kunama da babban yatsa, ya ɗaga, ya saita. Ta ja ƙulli, bindiga ta tashi.

Ba ta miƙe ba. Hannayenta suna kan takalmin, idonta yana kan hannunsa. Ya ga murmushin ya tsaya a fuskarta ba shi da wurin zuwa, sannan ya ga ya fita.

"Ba ta tashi da kanta," in ji shi. "Ko sau ɗaya, balle biyu."

Iska ta kaɗa busasshiyar ciyawa. Can ta ce, da wata ƙaramar murya, "Me ya yi maka?"

"Dariya."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Na nema, 'yar nan. Na karanta littafi ya fi ɗari uku ina nema, kowa yana da dalili ban da ni."

Ya jingina bindigar a karye jikin waya, ya zauna a ƙasa, bayansa jikin turke. Rabonsa da irin wannan zaman har ya manta. Ya jira ta yi kuka, ko ta zage shi, ya fi son zagin. Ita kuwa sai ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta tsaya tana kallon baranda daga nan, kamar tana auna nisan.

"Ranar na jira ka in nuna maka ƙullin," ta ce. "Da ka dawo hannunka duk jini, ka tsuguna, ka duba, ka ce ya yi kyau."

"Ya yi kyau."

Sai ga ƙarar mota a kan tsakuwa, ta tsaya ƙofar gida. Aka buɗe ƙofa, aka rufe. Muryar Arlene ta tsallako rumbu, da ƙarfinta da raharta.

"Kai ƙanena! Tun daga kwanar hanya nake jin harbi, har biyu. Wa kuma aka kashe yau?"

Twila ta dubi mahaifinta. Tun da ta iya magana ba ta taɓa fara zance da shi ba tare da ta ce Baba ba.

"Ga wadda labarin ya fi shafa ta zo," ta ce. "Ita za ka yi wa gyaran nan, ba ni ba. Tashi."

Ba ta miƙa masa hannu ba. Ba ta kuma tafi ba. Ta tsaya tana kallonsa yana dafa turke yana miƙewa da kyar, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya nufi rumbu. Sai da ya yi taku goma sannan ya ji takunta a bayansa, nesa kaɗan.